Sunan da Na Cire

Ku 'ya'yana kun san ni da riƙon lokaci, har kuna yi mini dariya a bayan ido idan na iso gidan suna tun ba a shimfiɗa tabarmi ba. Na sani sarai, ba yau kuka fara ba. Abin da ba ku sani ba shi ne ɓarnar da wannan hali ya taɓa yi a gidan nan, kuma wanda ta faɗa wa shi ne yayanku Lawali, ɗana na fari. Zan faɗi yadda ya bar lakwal, wato makarantar boko, kamar yadda abin ya faru, tun ina da sauran hankalina, don na ga labarin da ake bayarwa a tsakaninku ba haka yake ba.

Shekarar fari ce, ta biyu da na gani da idona, sojoji na mulki. Ni ne diraktan wata lakwal ta firamare a nan Yamai, kuma ni ke riƙe da ajin ƙarshe, ajin masu jarrabawar satifika da shiga kwaleji. Muna haya a unguwar Maourey, ɗaki uku: ni da uwarku Rabi, da ku, da mahaifiyata Inna da na ɗauko daga Maraɗi, sai 'yan uwa da yunwa ta koro daga ƙauye, yau a zo gobe a tafi. Jar dawar taimako muke ci, wadda tuwonta ke ƙin sanyi a ciki. A wancan zamani ma'aikacin gwamnati ba ya tsoron komai kamar agogo. Mota na iya tsayawa a ƙofar ma'aikata da sassafe ba sanarwa, a leƙa a ga kujerar wa ce babu kowa, da yamma mutum ya ji sunansa a rediyo. Ni kuwa na sha wannan tsoro har ya zama mini ɗabi'a, na kai shi aji, na kawo shi gida.

To, a cikin irin wannan gida Allah ya ajiye Lawali. Ba shi da taurin kai, ba ya faɗa, ban taɓa jin an kawo ƙararsa ba. Nawa ce da shi, da tafiyar hankali. Ka yi masa magana, idonsa na kanka amma shi yana can wani wuri, sai ka gama ka juya sannan ya ce, "Na'am?" A aike shi kasuwar Petit Marché sayen tattasai, sai a tarar da shi tsaye gaban mahauci yana kallon yadda ake wasa wuƙa, kuɗin na hannunsa. Ko a kwanon tuwo haka yake, ƙannensa sun yi loma biyar shi yana kan ta farko, kuma shekarar ba ta mai jinkirin hannu ba ce. Inna ce ke ɓoye masa ɗan wani abu a ƙarƙashin faifai. Ita ta laƙaba masa Sai-an-jima, da yake jika abokin wasan kakarsa ne.

"Maigidana Sai-an-jima," takan ce, "ran da gobara ta tashi a gidan ga, kai sai an gama gini za ka fito da guga."

Shi kuma sai ya yi murmushi, bayan kowa ya gama dariya.

Uwarku ta kai shi likita, aka duba kunnensa aka ce lafiya lau, aka ba shi maganin tsutsar ciki. Inna ta ce iska ce ta shafe shi yana jariri, ta sa aka yi ta yi masa rubutu yana sha. Ni na ce lalaci ne, don ita ce kalmar da na koya a makarantar horon malamai, ban san wata ba. Yanzu ina jin jikokina da suka yi karatu suna cewa wannan hali yana da suna a wurin likitoci, wai akwai yaran da haka aka halicce su, kansu na aiki amma a hankali. Mu a lokacinmu yaro iri biyu ne, mai ƙoƙari da rago.

Dole in faɗi maganar kunya, don yaran yanzu ba za su gane ba. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane, uwa ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, haka aka yi mini, haka na yi. Sai ga shi ɗan farin nawa ya zo ajina. Idan ina kiran sunaye da safe na iso nasa, sai in ɗaga kai in ga yana nan, in yi maki in wuce. Idan ina son ya amsa tambaya sai in ce, "Kai, na bakin taga." 'Ya'yan mutane kuwa har gida suke biyo ni bayan la'asar, in zaunar da su a kan benci in yi ta maimaita musu lissafi kyauta. Lawali na gefe yana jin mu, ko ba ya ji, Allah masani. Ban taɓa ce masa zo ka zauna ba.

Ga yadda muke lissafin ka a lokacin. Kowane yaro na da ƙaramin allo da alli. In faɗi lissafi sau biyu, in buga sanda a tebur, kowa ya rubuta amsa. In sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama, hannu bibbiyu, wanda ya makara ya faɗi ko da amsarsa daidai ce. Tsakanin bugu da bugu bai fi numfashi uku ba. Ina alfahari da wannan aiki ƙwarai, don idan baƙo ya shigo ya ga alluna sun tashi lokaci guda kamar sojoji a fareti sai ya jinjina kai. Allon Lawali kullum fari fat yake tashi, ko ya tashi da rabin lamba, ko kuwa ya tashi shi kaɗai bayan na riga na shiga lissafi na gaba, aji ya kwashe da dariya. Dikte, wato shifta, ma haka: ina kan jimla ta huɗu yana kan ta biyu, ya bar gurbi ya bi ni, ya sake barin gurbi. Sau biyu ya maimaita aji kafin ya iso wurina, shekarunsa kuma sun kai iyaka. Doka ba ta yarda ya sake maimaitawa ba. Wato in bai shiga jarrabawar bana ba, karatunsa ya ƙare ke nan.

Akwai wata malama a lakwal ɗin, Madam Hamsatu, Bazabarma ce haifaffiyar Yamai, ita ta koyar da shi a ajin da ya gabata. Mace ce mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana, Hausarta ta kasuwa ce amma tana isar da saƙo. Wata rana lokacin hutun ƙarfe goma ta shigo ofishina ta ajiye takarda a gabana. Mushe ake ce wa malami namiji a lakwal, daga Faransanci.

"Mushe Dirakta, duba wannan."

Lissafi goma ne, irin waɗanda na ba su da safe. Duka daidai, da rubutu mai kyau kamar na ɗab'i. Na ce na wane ne.

"Na yaronka. Na zaunar da shi a ajina, ban buga komai ba, ban tsaya a kansa ba. Na ce in ka gama ka kawo. Ya daɗe, amma ga shi."

"Madam, ranar jarrabawa ba wanda zai ce masa in ka gama ka kawo."

"Gaskiya ne. Amma kai kana cewa bai sani ba. Ya sani. Sandarka ce ta fi shi sauri."

Na ji haushin maganar, na kuma ji wani abu kamar daɗi, na rasa inda zan sa shi. Na mayar mata da takardar na ce na gode, aka buga ƙararrawa.

Ana saura wata biyu jarrabawa sufeton makarantu ya tara mu diraktoci. Bai ɗaga murya ba. Ya ce daga sama ana duba sakamakon kowace lakwal, kuma akwai makarantu a arewa da malamansu suka gudu saboda rijiyoyi sun ƙafe, ana neman waɗanda za a tura. Ya ce diraktan da yaransa suka zube, an san inda zai fi amfani. Kowa ya gane. Kuma kowa ya san maganin abin, don ba mu muka fara ba: sakamako ana auna shi da yawan waɗanda ka gabatar, ba da yawan waɗanda ke aji ba. Sai ka yi jarrabawar gwaji, waɗanda ka ga za su ja ka ƙasa ka ƙi aika takardunsu. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, amma ko sabon malami ya san da shi. Na dawo gida ina lissafin bakunan da ke ci a hannuna, ina tunanin Inna da tsufanta a garin da ake sayen ruwa da gwangwani.

Na yi gwajin. Yara goma suka faɗo ƙasan layin da na ja, Lawali na cikinsu. Rabin takardarsa babu komai. Rabin da ya yi kuwa, na bi shi da jan biro ina neman kuskure ban samu ba. Madam Hamsatu ta ji labari ta sake zuwa, wannan karon ta rufe ƙofa.

"Ka sa shi. In zai faɗi, ya faɗi da hannunsa."

"In cire 'ya'yan mutane tara in bar nawa? Da wane ido zan dubi iyayensu?"

"To ka bar su duka goma."

"Ke za ki tafi arewa a madadina?"

Ta ce, "Wallahi da ɗan wani ne da ka nema masa hanya. Don naka ne kake jin kunya."

Ba ta yi ƙarya ba. Akwai tsoro a ciki, don zamanin wasiƙa marar sa hannu ne, mutum ɗaya ya rubuta cewa dirakta ya fifita ɗansa, shi ke nan an gama da kai. Akwai kunya. Akwai kuma son a ce Mushe Mahamman adali ne, ko ɗansa bai bari ba, kuma wannan na ukun ya fi sauran nauyi, yau na yarda. Ranar Laraba bayan an tashi na zauna na ja layi a kan sunaye goma. Nasa ne na bakwai.

Al'adata ita ce ba na karanta irin wannan a aji. Sai in kira uban yaro ofis in gaya masa, shi ya san yadda zai gaya wa ɗansa. Na kira tara, ɗaya bayan ɗaya. Na tuna wani mai dakon katako daga kasuwar Katako, ya zo da gammonsa a hannu, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mushe, kai ka sani," ya tashi. Saura na goma, uban kuwa ni ne. Wa zan kira? Kullum sai in ce yau zan gaya wa uwarsa. To ta ina mutum zai fara maganar ɗan fari da uwar ɗan fari, alhali shekara goma sha huɗu ba mu taɓa zama mun yi ta ba? Sau ɗaya na gwada, tana tankaɗe a tsakar gida.

"Rabi, yaron nan..."

"Wanne daga ciki?"

Sai Inna ta fito da buta, na ce a bar shi sai an jima, na sa takalmi na fita.

Yara taran suka daina zuwa. Shi bai daina ba, don ba wanda ya ce ya daina. Sauran yara sun kawo hotuna da takardun haihuwa, shi bai tambaya ba, ya ɗauka nasa na hannuna tunda ni ne ubansa. 'Yan ajin ma ba wanda ya kawo a ransa cewa ɗan dirakta ba ya ciki. Bayan la'asar sai in gan shi ƙarƙashin itacen dogon yaro da littafi a cinya, wani lokaci yana karantawa, wani lokaci yana kallon tururuwa. Madam Hamsatu ta tare ni sau biyu ta ce, "Ka gaya masa?" Na ce zan gaya masa. Haka mako uku suka wuce, ni da ba na barin takardar gwamnati ta kwana a teburina.

Ranar jarrabawa aka tashi da zafi tun da safe, sama fes babu alamar hadari. Uwarku ta dama kunu, ta fito da sabon biro da ta saya ta ba ƙanwarsa ta miƙa masa, don ita ba za ta ba shi hannu da hannu ba. Inna ta ɗura masa rubutu ta shafa masa saura a ka.

"Yau dai Sai-an-jima, a bar an jima a gida. Ka ci, in ka zama kumandan ka saya mini zane."

Ina ɗaki ina jin su. Na ɗauki jakata na fita ta gefensu. Abin da na sa a raina, Allah ya yafe mini, shi ne nawarsa za ta fitar da ni: zai tsaya a hanya yana kallon wani abu, ya iso an rufe ƙofa, magana ta mutu. A wata lakwal ake yin jarrabawar, can wajen bakin kogi. Da na isa da sauran yarana, ban fi minti goma ba sai ga shi ya shigo da gumi, ya shiga layi.

Wani malami baƙo, wanda bai san kowa ba, ya hau baranda da takarda yana kiran sunaye. Wanda aka kira ya amsa ya shiga aji. Mu diraktoci muna gefe a inuwa. Fili ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har malamin ya naɗe takardarsa ya shiga ya ja ƙofa. Saura yaro ɗaya a tsakiyar rana da biro a hannu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo ya nufo ni, ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya sunkuyar da kai.

"Mushe, an kira ni ban ji ba ko?"

Diraktoci biyu na kusa da ni suna saurare. Ina da lokacin da zan ja shi gefe, ba wanda ya buga mini sanda. Na ce:

"Tafi gida."

"Ko za a sake kira?"

"Ba a kira sau biyu."

Ya ce to. Ya sa biron a aljihu ya tafi.

Kun ga ban yi ƙarya ba, kuma na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Da na koma gida da azahar na tarar ya riga ya ba da labari da bakinsa: an kira shi yana tunanin wani abu, bai ji ba. Ba wanda ya yi mamaki. Uwarku, wadda ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba, ta ɗauki muciya ta buga masa biyu a baya, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka. Inna ba ta yi masa wasa ba ranar, kuma ban sake jin ta kira shi da sunan nan ba har ta rasu. Aka kawo mini tuwo na ci. Madam Hamsatu ta ji yadda labarin ya koma, ta dube ni, ba ta tona ba. Shekara shida muka ƙara yi tare, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sakamako ya fito da kyau, sufeto ya yaba mini a gaban jama'a, ba a tura ni ko'ina ba. A Yamai kuka yi kwaleji dukanku, biyu har jami'a, kuma wannan zama da muka yi a birni da abin da na yi aka saye shi, gara ku sani. Lawali na kai shi Katako wurin wani kafinta. Mutumin ya yi ta ƙorafin nawarsa shekara biyu, daga baya ya daina, da ya ga ƙofar da yaron ya haɗa ba ta dawowa gyara. Yau yana da shagonsa da iyalinsa, ya fi wasunku rufin asiri. Kada wani ya ce mini ashe alheri ne. Ban sani ba ko da ya shiga zai ci, wataƙila dikte ta kayar da shi. Abin da na sani shi ne ban bar shi ya gwada ba.

Shekaru suka mayar da abin labarin dariya. Da Salla idan kun taru sai wani ya ce, "Yaya, ba mu labarin satifika," shi kuma ya bayar, ya fi kowa dariya. Ina zaune ina jin ku, ban taɓa gyarawa ba. Uwarku ta koma ga Allah tana ganin laifinsa ne.

Watan jiya na je gidansa duba jikana da aka ce ba lafiya. Ina kan tabarma sai 'yarsa Nana, mai shekara tara, ta dawo daga lakwal da takardar sakamako. Yarinyar irinsa ce sak, kallonta, shirunta, komai. Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, sai na ji ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Ke ba ki ji ne? So kike ki zama ni? Ni nan da kike gani, sunana aka kira a gaban mutane ina tsaye kamar gunki, na kashe kaina da kaina. Gobe in malam ya ce ba ki saurara ba sai na karya ki!"

Yarinyar ta tsaya tana kallonsa, hawaye na zuba. Ni kuwa ban gyara masa labarin ba. Na sha ruwan da aka kawo mini, na yi sallama na taho. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba, ina da shekara tamanin da 'yan kai.

Saboda haka ku ji, ku kuma kai masa, don bakina ya kasa sau biyu a gabansa kuma ban amince masa a karo na uku ba. Ba a kira shi ba. Sunansa ba ya cikin takardar, ni na cire shi. A ranar nan idona na kansa tun daga sunan farko har na ƙarshe, ya kafe malamin da ido, leɓensa na motsi yana maimaita kowane suna da aka kira. Ko ɗaya bai wuce shi ba.